Wa Ake Yi Wa Fenti?

Ha Mokhesi, Quthing
6 ga Mayu, 1984

Zuwa ga Moeketsi, ɗan goggona.

Motsoala, taubashina mai kunnen ƙashi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Rakhali, wato uwarka, tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana da hannu, don rabonta da wasiƙarka tun watan Maris. Na ce mata hannun yana nan, cokali ne ya hana shi sakat. Lafiyarta lau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani, da idon da ya hana ta karatu. Ni ma ƙalau nake, in ban da yaran makaranta da ke neman ƙarasa ni. An cire masara, ba laifi. Sanyi ya fara leƙo mu, da safe ruwan bokiti har ɓawo yake yi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Rakhali za ta yi wa ɗakin cin abinci fenti. Ranar Laraba ta sa ni na raka ta kantin gari, muka tsaya gaban katin launuka har ƙafata ta sage. Mai kanti ya nuna wannan, ya nuna wancan, ita kuwa sai kallo. Na ce, "Rakhali, ɗauki ruwan madara mana, ba ya tsufa da wuri." Ta ce, "Ke da ɗakinki yake kamar akurki, ke za ki koya mini launi?" Daga ƙarshe ta lallaɓi mutumin ya yanko mata huɗu daga jikin katin. Ga su nan na liƙa maka a ƙasan takarda: ruwan madara, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, da ruwan toka.

Ta ce kai za ka zaɓa, kai kaɗai. Na ce mata mutumin da ko mata bai iya zaɓa ba, ta tafi Maseru ta bar shi da tukwane, ina zai iya zaɓen fenti? Ta ɗaka mini duka da sandarta. Ta ce ka yi sauri, tana so a gama kafin sanyin bana ya wuce.

Ka ja layi a ƙarƙashin wanda kake so ka dawo mini da shi.

Taka, wadda ta fi ka hankali,
Mookho

Welkom
19 ga Mayu, 1984

Mookho, 'yar kawuna,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mme, mahaifiyata. Lafiya nake. Wasa kuwa yau ba ni da shi, ke ma ki ajiye naki.

Wasiƙarki ta same ni ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki. Na buɗe ina dariya, ina kaiwa ga takardun launin nan dariyar ta tsaya. Ntate Phafoli, dattijon da gadonsa ke saman nawa a ɗakin kwanan ma'aikata, ya leƙo ya ga abin da ke hannuna. Ya ce, "Fenti? A watan Mayu? Ba Kirsimeti ba, ba biki ba? Wa ya rasu muku?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To wa ke kwance?"

Mookho, kin yi karatu, amma ai a Ha Mokhesi kika girma. Yaushe aka taɓa yi wa ɗakin gaba, wato na cin abinci, fenti a ƙauyenmu in ba gawa ce za ta kwana a ciki ranar Juma'a, mutane su zo su ga bango ba? Ke yarinya ce lokacin Ntate, mahaifina, bari in tuna miki. Shi ya gina ɗakin da gumin aikinsa na ramin haƙar ma'adinai, ya sayi tebur da kujeru shida, bai taɓa ganinsa da fenti ba. Saƙo ya zo Laraba, maƙwabta suka shafa kore Alhamis, akwatinsa ya iso Juma'a. Fentin bai ko bushe ba, har yau akwai tabonsa a kafaɗar bargon Mme. Na biyu kuwa da ke aka yi, shekara biyar ke nan, da dutse ya faɗo wa yayana Tankiso. Shuɗi aka shafa, ke kika riƙe tsani. Sau biyu ke nan, ba a taɓa yi ba sai da dalili.

Kin rubuta wai tana so a gama kafin sanyin bana ya wuce. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Me ta sani game da sanyin bana? Me likita ya gaya mata? Kin ce lafiyarta lau, amma kin ce ta tsaya tana kallon kati ba ta magana. Mme da ba ta iya shiru ko a coci?

Ki gaya mini gaskiya, don girman Allah. Tana cin abinci? Ta rame? Tana tari? Tana fita gona da kanta ko aike take yi? Kada ki ɓoye mini don wai ina nesa. Haka aka yi wa wani mutumin Leribe da ke ɗakinmu, ana ta rubuto masa lafiya lau, lafiya lau, ya koma gida ya tarar har ciyawa ta fito a kabarin.

Ba zan ja layi a ƙarƙashin komai ba. Ji nake in na zaɓa kamar na sa hannu ne a kan tafiyarta.

Ki gaya mata aikin saman nan, na wajen rami, da na ba ta labarinsa a watan Maris yana tafiya daidai. Ina ɗakin fitilu, ina goge-goge, ina shan hantsi kamar mai kuɗi. Kada ta sa damuwata a ranta.

Ki amsa a ranar da wannan ta same ki.

Moeketsi

Ha Mokhesi
9 ga Yuni, 1984

Motsoala,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya, kuma wannan karon ka karanta shi yadda na rubuta.

Na so in yi maka tsiya, in ce ƙaton da ke shiga cikin ƙasa kullum ya razana da 'yar takarda mai launi. Amma ba zan iya ba, don ka zuba mini naka tsoron, yanzu ni ma da shi nake yawo. Wallahi da muka je kanti ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka tsohuwa ce ta gaji da kallon shuɗin Tankiso.

Tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya. Tana ci, har ta fi ni. Ba ta rame ba. Ba ta tari. Jiya ita ta ɗauko buhun masara daga rumbu, na ce ta bari, ta ce in matsa kada in karye. Ban tsaya nan ba. Na yi mata dabara na ce ni ce ba ni da lafiya, ta raka ni asibitin mishan, muna shiga na ƙyafta wa nas ido. Aka auna ta sama da ƙasa. Nas ta ce, "Wannan tsohuwar ai ita za ta binne mu duka." A hanyar dawowa, da muka kai rafi, Rakhali ta ce, "Kin gama binciken naki, 'yar sanda?"

To amma ga abin da ke damuna. Ba ta jira amsarka ba, ta fara kankare bangon. Ita kaɗai, da tsohuwar wuƙa, tun daga hantsi har la'asar. Ta cire shuɗin, koren ya fito, shi ma tana bin sa. Na ce, "Rakhali, ai ba a kankarewa, a kai ake shafawa." Ta ce, "Wannan karon ba a kan na matattu za a shafa ba." Na ce, "Wane karo?" Ta ce in miƙo mata tsintsiya.

Ƙauye kuwa ya ɗauka. Mme Malineo ta gangaro ranar Litinin da ƙullin sukari a hannu da fuskar ta'aziyya, ta tsaya a ƙofa tana cewa, "Ashe haka Allah ya yi? Wane ne, 'yar'uwa?" Rakhali ta ce, "Ajiye sukarin, ki tafi da fuskar." Matan ƙungiyar coci sun aiko a tambaya ko su fara tara itace. Har Fada, limamin cocinmu, ya tsayar da ni bayan sujada yana tambaya a hankali ko akwai wanda yake bukatar a zo a yi masa addu'a.

Na karanta mata wasiƙarka duka, ban rage komai ba. Da na kai inda ka ce ba za ka zaɓa ba, ta ce, "Zai zaɓa." Da na kai zancen ɗakin fitilu, ta tashi ta koma ga bangonta.

Moeketsi, a gidan nan daga ita sai ni. In ba ita ba ce, to wa? Shekaranjiya na kama kaina ina duba fuskata a madubi, ina tunanin ko wani abu take gani a jikina da ni ban gani ba. Ka ga inda ka kai ni. Ko dai ka zo da kanka ka tambaye ta? Kai kaɗai take ji wa kunya.

Mookho

Welkom
7 ga Yuli, 1984

Mookho,

Ina gaisuwa. Ban san wa zan ce ki gaisar mini ba, don ban san wa ya rage ba.

Mako bakwai ke nan ba amsa. Kullum in an tashi sai na je wurin magatakarda mai raba wasiƙu, har ya gane ni, tun daga nesa yake girgiza mini kai. An ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin wajenmu. Na yarda da haka mako biyu. Yanzu ban yarda ba. Shirun nan naki na san irinsa, shirun mutumin da yake neman yadda zai faɗi magana ne.

Kina cewa a ranki, me ya hana shi neman hutu ya zo? To bari in gaya miki, amma ki rantse tsakaninki da Allah wannan shafin ba za ki karanta wa Mme ba, in tana raye.

Aikin saman nan ba ƙarin girma ba ne. A watan Fabrairu aka ɗauke mu hoton ƙirji kamar yadda ake yi. Likita ya ɗaga nawa a gaban fitila ya daɗe yana kallo, ya kira wani, su biyu suna nuna wa juna da biro. Ƙura ce, Mookho. Ta shekara goma sha tara da na yi ina riƙe injin huda dutse. Aka karɓe injin aka ba ni tsumma. Sun ce a watan Satumba za a sake ɗauka, in ya ƙaru su sallame ni. Ni kuwa ba sai an ɗauka ba, na san ya ƙaru. Matakala takwas ne zuwa ɗakin cin abincinmu, a ta biyar nake tsayawa in yi kamar ina ɗaure takalmi. Na ƙara huda biyu a bel ɗina. Ntate Phafoli ya daina yi mini tsiyar tari, yanzu ruwan zafi kawai yake miƙo mini, kuma wannan ya fi tsiyar ban tsoro.

Kin ga inda na tsaya. In na zo, Mme za ta gan ni a haka. Matar da ta binne miji ta binne ɗa, tana kwance, sai na ƙarshen ya shigo mata yana haki kamar tsohon jaki. Ni zan ƙarasa ta. In kuma ban zo ba, za ta tafi ban gan ta ba, a shafa duk launin da aka samu. Kowanne na juya sai in ji ƙirjina ya ƙara matsewa.

Tsoro nake ji. Ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da kejin da ke saukar da mu ƙasa ya tsaya da mu a tsakiyar rami awa shida.

In ta riga ta tafi, ki rubuta kalma ɗaya kawai, zan gane. In tana nan, ki gaya mini saura kwana nawa a ganinki. Amma shafin nan ki ƙona shi.

Moeketsi

Ha Mokhesi
22 ga Yuli, 1984

Moeketsi, ɗan'uwana,

Tana raye, tana lafiya. Na sa shi a layin farko don kada ka nema.

Na amsa maka tun 9 ga Yuni. Ntate Sello, maƙwabcinmu, na ba wa ya kai gidan waya, sai ƙanƙara ta sauka, da hanya ta buɗe kuma ya manta, ta yi wata guda a aljihun kwat ɗinsa tare da taba. Da na gano na kusa cire masa kunne. Ina jin yanzu ta same ka.

Taka ta iso ranar Juma'a. Na karanta ta ni kaɗai a bayan makaranta, na zauna a kan dutse na yi kukana na share. Na yi niyyar cika maka alkawari. Ka yafe mini, ban iya ba, kuma ka ji yadda aka yi.

Ka san a tebur take sa ni in karanta mata. Na karanta farkon, na tsallake tsakiya, na sauka a kan sunanka. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Takarda biyu na ji kin buɗe, ta ɗaya kika karanta. Koma wurin ƙirjin."

Motsoala, ban ambaci ƙirji ba. Ko kusa. Na ce, "Rakhali, wa ya gaya miki?" Ta ce, "Karanta." Na karanta duka, har da matakala, har da bel. Ba ta yi kuka ba. Hannunta dai yana kan tebur yana shafa wuri ɗaya. Da na gama ta ce in ɗauko biro in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata ko kalma. Ga shi:

"Moeketsi, ni ce. Kana ganin jiya aka haife ni? Shekara ashirin da huɗu ina auren mai aikin rami. Ba a ɗauko ƙato daga kan injin a ba shi tsumman goge fitila don ana son sa. Ubanka ma haka ya rubuto mini, wai an ba shi aikin sama, in yi murna. Na yi murna, har kaza na yanka, don lokacin ban san komai ba. Wata bakwai aka kawo mini shi. Kai kana kiwo a kan duwatsu, ba ka ga wasiƙar ba. Da yarinyar nan ta karanta mini taka a watan Maris, na ji muryar ubanka tun kafin ta kai ƙarshen layi.

"Na san in na ce ka dawo, za ka ce kwantiragi, za ka ce lafiyarka lau. Sai na ce bari in taɓa bangon nan. Na san ɗan Ha Mokhesi ba zai ji an ce fenti ya zauna ba. Na ɗauka tsoro zai kawo mini kai a mako biyu. Ashe taurin kan ubanka ka ɗauko duka, ba ka rage wa kowa ba.

"Ka tambaya wa ake yi wa fenti. Kai ake yi wa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ba likita ba ce, kuma ba ni ke riƙe da kwanan kowa ba. Amma sau biyu ana shafa mini ɗakin nan a gurguje, ana shafawa ana kuka, da abin da ya rage a kanti. Ubanka ko rigar kore ba ya sawa, a cikin kore ya kwana. Na gaji da yi wa mazan gidan nan ado ba sa gani. Wannan karon mai ɗakin zai zaɓa, ya shigo da ƙafarsa, ya zauna ya ci tuwo a ciki, ya ce gishiri ya yi yawa in zage shi. Ko wata uku ne, ko shekara goma, ni nawa ne.

"Wai kada in gan ka a rame. Na gan ka tsirara kana tsuma kamar ɗan tsako ranar da na haife ka, ban mutu ba. Kada ka jira hoton Satumba. Me zai gaya maka da ba ka sani ba?"

Nan ta tsaya, ta ce in rufe. Sai da na liƙe ambulan ta ce in buɗe in ƙara cewa bangon ya bushe, an gama kankara, buroshi biyu suna jira.

Ni kuwa ba ni da abin ƙarawa. Tsorona bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Ka zo, Motsoala. Ba ni da wanda zan yi wa tsiya.

Mookho

Welkom
4 ga Agusta, 1984

Mookho, ki karanta wa Mme wannan duka, ba tsallake.

Mme, ina gaishe ki. Ba ni da lafiya. Kin ga na faɗa.

Wasiƙun biyu rana ɗaya suka zo. Na ba Ntate Phafoli ya karanta ta biyun don idona ya ƙi gani. Da ya gama ya ce, "Kai, uwar nan taka da ita ce shugabar rami da ba wanda ya mutu." Sannan ya raka ni ofis da kansa, ya tsaya a ƙofa don kada in juya. Na gaya musu zan tafi. Sun ce takardu za su ɗauki mako biyu.

Har yanzu tsoro nake ji, Mme. Da ina jin tsoron in zo in tarar ba kya nan. Yanzu ina jin tsoron in zo ki gan ni kwana kaɗan. Amma wannan ya fi wancan sauƙin ɗauka.

Na ja layi. Ruwan ɗorawa. Na gaji da kallon ruwan toka, shekara goma sha tara ke nan ba na ganin wani abu sai shi. In Mookho ta ce ya yi haske da yawa, ki tuna mata ɗakinta.

Zan taho ranar Asabar, 18 ga wata, da bas ɗin da ke isowa da azahar. Ba Juma'a ba, ki gaya wa Mme Malineo, kada ta wahalar da sukarinta.

Abu ɗaya nake roƙo. Ku sa Ntate Sello ya jira ni a bakin hanya da doki, kuma wannan karon kada ya manta. Tudun nan na gidanmu, ba zan iya hawansa da ƙafa ba.

Ɗanki,
Moeketsi